Ranar da na zama idon Ladi

In faɗa muku tun yanzu, wawan labarin nan ni ne.

Manchok

Ƙarfe biyar da rabi muka fito, ni da ƙanwata Ladi, wadda ƙyanda ta makantar tun tana ƙarama. Likitan suga sau ɗaya yake zuwa Kafanchan a wata, sha biyu yake tashi, kuma ba ya canza magani sai ya ga sakamakon gwajin jini. Ƙafafunta kuwa sun fara kumbura. Na ce ta bar sandarta a gida. Ni mai aji huɗu na firamare ina raye, me za a yi da sanda? Ta ƙi.

Kagoro

Bas mai cin mutum goma, mu sha shida da buhun citta. A shinge soja ya leƙo: "Baba, ina zuwa?" Na ce, "Ni ne idonta." Har ya sara mini.

Kafanchan

Takwas saura muka iso, muka ci ƙosai. A ɗakin gwaji, ma'aikaciyar ta ce an ci gaba, ba takarda kuma, kowa ya buɗe sakamakonsa a intanet. Madalla da ci gaba! Na karɓe wayar Ladi, na sa ta rufe bakin muryar nan da ke karanta mata komai. Shafin ya ce in tabbatar ni mutum ne, in zaɓi hotunan da ke da famfon 'yan kwana-kwana. Mu da famfon ruwan sha ma muke nema! Na danna hoton akwatin wasiƙa, na danna wani jan abu mai kama da turmi. Har sha ɗaya da rabi na'ura ba ta yarda ni ɗan Adam ba ne, ni da jikoki tara.

"Yaya, ba ni."

Ta kunna muryar, ta yi ta shafa gilashi. Ashe masu hikimar sun ɓoye wa makafi maɓallin sauraro can ƙasa, ƙanƙane kamar ƙwayar acca. Ta saurari lambobi, ta rubuta, shafin ya buɗe. A bakin motarsa muka tare likita, ya canza maganin.

Gida

Ƙarfe huɗu muka sauka, mun gode wa Ubangiji. Ina gaya wa maƙwabta yadda muka sha fama da na'ura, sai Ladi ta ɗaga sandarta.

"Yaya, wata mai zuwa ka huta. Wannan ba ta yi aji huɗu ba, amma ba ta taɓa ƙwace mini waya ba."