Yayata Mai Wankin Asibiti da Littafin da 'Yarta Ta Rubuta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, a asibitin da ta yi shekara talatin da ɗaya tana wanki da guga. Ta cika, hannunta na cikin nawa.

Yaya, ni ce ƙanwarki, wadda kike kira Rediyo saboda bakina ba ya shiru. Yau ma ba zai yi ba.

Ma'aikatan asibitin sun san ki a ɗakin wanki na bayan ginin, inda tururi ke hana mutum ganin na kusa da shi. Ruwan zafi da sabulu sun tsattsage miki hannu har zobe ba ya zama. Duk da haka in an kwantar da wanda ba shi da mai jinya, sai ki kwashe tufafinsa ki haɗa da zannuwan gado, ki dawo masa da su a goge, ki ce kuskure aka yi aka haɗa. Da mijina ya rasu, ke kika zo kika naɗe katifata da kanki kika kai ni ɗakinki, muka zauna mu shida da 'ya'yanki huɗu. Tsofaffin jaridun da likitoci suka yar kuwa ba ki bari a share su. Kina kawo wa babbar 'yarki, domin tun tana ƙarama ba ta ganin rubutu ta wuce.

Wannan 'yar ce ta girma ta zama marubuciya. Shekara biyu da suka wuce ta fitar da littafin labari a kan wata uwa mai zafin zuciya, wadda ta kori mijinta mai haƙuri da masifa, take kulle 'ya'yanta a ɗaki ta tafi yawonta. Ta canja sunaye, amma ta bar ƙofarmu mai shuɗin fenti, ta bar ɗakin wanki, ta bar har kunnenki na hagu da ba ya ji, ta ce uwar tana toshe shi ne da gangan in yara na kuka. Aka yaba mata, aka ba ta lambar yabo, aka ce ta yi jarumta. A layinmu kuwa mata suka fara yin shiru in kin zo wucewa.

Idonki ya riga ya yi rauni, sai kika ce in karanta miki. Na riƙa tsallake shafuka. Kika dafa gwiwata kika ce, “Rediyo, kin cika saurin juya takarda. Koma baya.” Na koma. Kika saurara har ƙarshe, sannan kika ce, “Ta iya rubutu.” Daga ranar ba ki ƙara zama a ƙofar gida ba. Hawan jini ya kama ki, abinci ya fita ranki.

Kin sa na rantse ba zan faɗi gaskiyar ubansu ba muddin kina raye, don kada yara su tsani wanda ya haife su. Na riƙe alkawari har ranar Talata. Yanzu kowa ya ji. Kunnen nan mari ne ya kashe shi, kuma mutumin da littafi ya kira mai haƙuri ne ya yi marin. Ni na kai ki aka duba. Ɗakin da kike kullewa, kina kullewa ne saboda yakan dawo a buge da rana tsaka, ya taɓa ɗaga wannan marubuciyar tana 'yar shekara uku ya buga da bango. Tabon na nan a ƙeyarta, ta shafa ta ji. Ba ki kore shi ba sai bayan duk wannan. Yawon da aka ce kina tafiya, wankin jinin mutane ne.

Marubuciyar ta zo bayan an binne ki. Ta rungume ni tana kuka, kafin la'asar kuma ta tambaye ni akwatin hotunanki da takardunki, wai tana son rubuta littafi na biyu a kan rashin uwa. Na ce mata, “Kin ci ta da rai, ba za ki ci gawarta ba.” Akwatin na wurina, ko takarda ɗaya ba za ta gani ba. Wannan rubutu kuma na aika shi ga jaridar da ta fara yabon littafinta. Duk inda aka kira taro don ta yi karatu, zan je in zauna a layin gaba, in an ce akwai mai tambaya in ɗaga hannu. Na san kin yafe mata, a gabana kika faɗa. Wannan tsakaninku ne. Ni ban yafe ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya wanke ki daga zunubi, Ya saka miki da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki uku da suka yi jinyarki, da jikokinki, da abokan aikinki na ɗakin wanki. Allah Ya ba mu haƙuri. Ta huɗun kuwa ta je wurin masu tafa mata su yi mata gaisuwa.