Yunus Mai Fenti da Dawakan Gwamnati

An haifi Yunus a wata ruga gabas da Khaddamari, cikin dangin Shuwa masu shanu. Farin 1973 ne ya cinye garkensu, suka tattaro suka shigo Maiduguri. Yayyensa suka zama dillalai a kasuwar shanu, shi kuwa dillancin ya ƙi shi, don da mai saye ya taɓa saniya sai Yunus ya fara lissafa masa cututtukanta. Daga baya suka roƙe shi ya riƙa zama can gefe. A zaman nan ne ya soma zana shanu da gawayi a jikin katanga.

Wata rana wani ɗan ƙabilar Babur mutumin Biu, Kirista mai suna Dzarma, ya wuce ya ga zanen. Dzarma yana da rumfar rubuta alluna a bakin Kasuwar Kwastam. Gwani ne a haruffa, amma in ya zana zaki sai ya fito kamar akuya mai ciwon haƙori. Yunus kuma bai iya karatun boko ba, amma in ya zana doki har ka ji kamar zai yi haniniya. Suka haɗa rumfa. Dzarma na rubutu, Yunus na hoto, kuma shekara da shekaru babu motar katakon da za ta tashi zuwa Baga ko Gamborun Ngala ba tare da zakin Yunus a bayanta ba. Yunus ya yi aure, ya zauna a unguwar Fezzan da matarsa Hussainatu.

Matsala ta fara ne daga cikin gida. Ɗan baffansa Saleh ya tafi karatu ya dawo wajen 1981 da guntun wando da littattafai cike da akwati. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin na kowa, kuma matasa suna son wa'azinsa. Ya zo rumfa ya tsaya yana kallon wani zaki da bai bushe ba.

"Yaya Yunus, ka san duk mai zana abu mai rai, ranar Alƙiyama za a ce ya hura masa rai?"

"Duka, Malam?"

"Duka. Ɗaya bayan ɗaya."

Yunus ya koma gida cin abincin rana ya kasa kai loma. Ya gaya wa Hussainatu cewa ba gazawar ce ta fi damunsa ba. Abin da yake tsoro shi ne a yi rashin sa'a ya iya, don zakunan da ya zana sun fi ɗari biyu, kuma duk ya yi musu haƙora masu kyau.

Ta ce, "To ka fara da shanun mana. Kafin ka kai kan zakunan sun sami abin ci."

Bai yi dariya ba. Ya rage zane, ya ƙara nafila, amma bai daina ba, domin ba shi da wata sana'a.

A 1986 aka ji labarin Najeriya ta shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Gari ya ɗauki musu. A teburin mai shayi, a tasha, a ofis, kowa tambayarsa ɗaya: ƙasar nan ta Musulmi ce, ta Kirista ce, ko ba ruwanta da addini? Mutanen da suka yi shekara ashirin suna cin abinci kwano ɗaya suka fara duba juna. Cikin wannan hali ne, a shekarar da ta biyo, hedimastan wata firamare a unguwarsu, Malam Madu, ya kira Yunus. An aiko da takarda cewa kowace makaranta ta zana tambarin ƙasa a bangonta kafin sufeto ya zo.

Yunus ya yi kwana huɗu a kan tsani. Ya zana baƙar garkuwa da farin layin kogunan nan biyu da suka haɗe, jar mikiya a sama, da fararen dawakai biyu tsaye dama da hagu. Irin dawakan da ya sani a ruga ya zana, har da jijiyoyin wuya. Mutane suka riƙa tsayawa da kekunansu suna kallo.

Kwamitin iyayen yara ya zauna ranar Asabar. A ciki akwai Saleh, akwai Dzarma da ke da 'ya'ya mata biyu a makarantar, akwai kuma tsohon limamin unguwa da kowa ke kira Goni. Saleh ya ce mala'iku ba sa shiga wurin da ke da hoto, kuma shi ba zai bar 'ya'yan Musulmi su yi karatu inda mala'iku ke tsayawa a waje ba. Malam Madu ya ce shi ba zai iya nuna wa sufeto farin bango ba. Aka yi ta ja har la'asar, sannan Saleh ya kawo mafita: a ja layi a wuyan kowace dabba, don abin da aka raba kansa da jikinsa ba mai rai ba ne.

Fentin da ya rage wa Yunus ja ne, ragowar na mikiya. Ya ja layin. Da zafin rana fentin ya ɗan zubo ƙasa.

Ranar Litinin 'yan aji ɗaya suka ƙi shiga, suna kuka wai an yanka dawakan makaranta. Kwamiti ya sake zama. Dzarma ya miƙe, ransa a ɓace, abin da Yunus bai taɓa gani ba.

"Wato abin da muke ji a rediyo gaskiya ne. Har dawakan ƙasa an yi musu yankan Musulunci. Gobe kuma sai wa?"

Goni ya ɗaga sandarsa ya ce Dzarma ya kwantar da hankalinsa, wannan ba yankan Musulunci ba ne. Na farko, a mazhabarmu ba a cin doki. Na biyu, ɗaya ne kawai ya fuskanci gabas, ɗayan ya ba alƙibla baya. In ma za a yi magana ta ilimi, wanda ya yi wannan yanka bai iya ba. Duk suka juyo suka kalli Yunus.

Wani daga baya ya ce tunda ana gyara, shi layin kogunan nan ma yana masa kama da gicciye da aka ɗaga wa hannu. Dzarma ya juya ya daɗe yana kallon bangon.

Ya ce, "Mu dai ba mu taɓa lura ba. Amma tunda ka faɗa, kada wanda ya taɓa shi."

Aka yanke shawarar a shafe kawunan gaba ɗaya, don yara su daina ganin jini. Yunus ya samo farin fenti, ya hau tsani ya shafe su. Ya ce wa Dzarma daga baya bai taɓa jin nauyin buroshi kamar ranar ba. Kwana uku ba su yi wa juna maganar da ta wuce gaisuwa ba, duk da benci ɗaya suke zama.

Sufeto ya zo ranar Alhamis. Ya sauko daga mota, ya ga dawakai biyu babu kai suna riƙe da garkuwa, mikiya a sama ita ma daga wuya ta ƙare. Lokacin mulkin soja ne, ba a wasa da tuta ko tambari. Ya ce wannan zagin gwamnati ne, ana nufin ƙasar ba ta da kai. Kafin azahar 'yan sanda sun ɗauki Yunus da fenti a hannunsa.

A caji ofis babban jami'in ya buɗe littafi ya gyara zama.

"Ina kawunan?"

"Ranka ya daɗe, suna nan a ƙarƙashin farin."

"Wa ya sa ka ɓoye su?"

Yunus bai so ya ambaci ɗan baffansa ba, bai so ya ambaci abokin sana'arsa ba, Goni kuma tsoho ne. Sai ya ce mala'iku ne ba sa shiga. Jami'in ya rubuta, ya karanta abin da ya rubuta, ya soke. Aka ajiye shi kwana biyu. Da suka gane ya iya aiki, suka fito da shi ya zana musu tambarin a ƙofar ofishinsu, suka tsaya a kansa har ya gama kawunan. Saleh da Dzarma ne suka zo belinsa tare, a kan babur ɗaya, kowa na cewa laifin ɗayan ne.

A hanyar gida Yunus ya ga wani doki ɗaure a gindin darbejiya, kansa cikin ganye yana kaɗa jela. Washegari ya koma makarantar. Ya sa aka kira sufeto da Malam Madu, ya zana kawunan uku a gabansu, cikakku, har da gashin ido. Sufeto ya sa hannu a takarda cewa ya gani. Bayan fentin ya bushe sai Yunus ya zana bishiyar darbejiya a bayan garkuwar, rassanta suka sauko suka rufe kan kowane doki, mikiya kuma ta shige cikin ganye sai ƙafafu. Sannan aka kira kwamiti.

Saleh ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya ce shi bai ga fuska ba, ba shi da magana. Dzarma ya ce muddin dawakan na da rai ya yarda. Sufeto da ya dawo wucewa ya ce shi takardarsa ta ce akwai kawuna. Goni ya yi masa sannu da Barbarci, "Wushe, Yunus," ya ƙara da cewa ko ba komai dabbobin sun sami inuwa.

Shekara bakwai ɗaliban makarantar suna zana tambarin Najeriya da bishiya a jarrabawar fita, ana ba su sifiri a tambayar, ba wanda ya gano dalili sai da aka canja hedimasta.

Sunan Yunus kuwa ya fita. Masu aski suka zo suna tsoron hotunan mutanen da ke allunansu, Saleh ya ce kai babu jiki ba ya rayuwa, saboda haka ya halatta. Direbobin da suka shiga wa'azi suka ce su jiki suke so babu kai. Yunus ya raba aikinsa biyu, kawuna ga masu aski, gangar jiki ga motoci. Akwai wata motar Baga da zakinta ya tura kai cikin tulu, wai ruwa yake sha.

Da aka buɗe siyasa a farkon shekarun casa'in, gwamnati ta kafa jam'iyyu biyu, ɗaya alamarta doki, ɗaya mikiya. Matasa suka tsayar da Saleh takarar kansila a jam'iyyar doki, don a cewarsu addini ba zai gyaru ba sai masu shi sun shiga majalisa. Ya zo rumfa da kansa yana sosa gemu, yana son doki a bangon ofishin kamfe.

Yunus ya ce, "Da bishiya, Malam?"

"A'a, Yaya. Tsofaffi ba su iya karatu ba, kada su ɗauka jam'iyyar bishiya ce. Wannan lalura ce."

Yunus ya zana masa dokin da ya fi kowanne kyau. Saleh ya ci zaɓe, ya gina rijiyoyi biyu, sojoji suka rushe majalisun kafin ya yi ta uku.

Babban aikin Yunus na ƙarshe allon wani kantin magani ne a 1996, na wasu abokai biyu, Alhaji Abakar da Pindar. Pindar yana son jan kuros kamar na kowane kemis, Alhaji ya ce sai dai jinjirin wata. Yunus ya ce su bar masa. Ya zana ƙwayar magani, ƙatuwar da'ira da layi a tsakiya. Masu motoci suka ɗauka alamar hana tsayawa ce, ma'aikacin kula da hanya ma ya ɗauka haka, ya kafa kujerarsa a wurin yana kama mutane. Masu kantin ba su sauke allon ba, don in an sauke sai an koma tsohuwar gardama.

Ƙirjin Yunus ya fara ciwo a shekarar, likita ya ce warin fenti ne na shekara ashirin da wani abu. Ya rasu da damina a 1998. Ya bar 'ya'ya shida, babu wanda ya gaji rumfar. Babbar 'yarsa Fanna ce kaɗai ta ɗauko hannunsa. Ita ke yi wa amaren Fezzan lalle, kuma in za a yi biki sai an yi mata magana wata guda kafin ranar.