Ƙafa Ɗari Daga Ƙofa

A garinmu da ke gindin tsaunukan kudancin Ohio, kowa ya san Darla Hupp ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce matar da ke bayan kanta a gidan man mararraba, mai miƙo maka kofi da burodi da ƙwai ba tare da ta ɗago kai ba. Shekararta talatin da huɗu, amma in ka ce hamsin ba wanda zai ƙaryata ka. A nan aka haife ta, a layin gidajen da kamfanin kwal ya gina ya gudu ya bari. Tari ya kashe ubanta, uwarta ta bi wani direban babbar mota, sai kawunta Roscoe ya ɗauke ta. Mutum ne mai sakin hannu da bakin tsiya, wanda in ya ba ka abu sai ya haɗa maka da baƙar magana.

Shekara tara ta yi tana aiki a gidan tsofaffi, tana ɗaga su daga gado zuwa kujera, har ranar da bayanta ya ƙage. Likita ya rubuta mata ƙwaya. Ƙwayar ta ƙare, ciwon bai ƙare ba. Sauran labarin ba sai na ja shi ba, don in ka bi layinmu gida-gida za ka ji irinsa har ya gundure ka. An kama ta tana sayar da wasu don ta sayi wasu, aka ba ta wata goma a gidan yari. 'Yarta Marnie tana da shekara huɗu a lokacin, ubanta kuwa tun tana ciki ya yi gaba. Ofishin kula da yara na gunduma ya duba Kawu Roscoe da tukunyar iskar da yake ja a bayansa, ya ce a'a. Masu riƙon yara na nan kusa duk sun cika, sai aka kai yarinyar wurin wasu miji da mata, mil tamanin daga nan.

Da Darla ta fito, alƙali bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce ta nemi aiki, ta nemi ɗaki, fitsarinta ya riƙa fita fes a gwaji, kuma ta riƙa ganin 'yarta duk mako har yarinyar ta sake sabawa da ita. In watan Maris ya zo duk sun cika, za a mayar mata. In ba su cika ba, masu riƙon sun riga sun ce suna son ta zama tasu har abada.

Uku na farkon a hannunta suke, ta kuwa yi su. Na huɗun yana hannun wani dattijo mai suna Wendell, direban farar motar ofis. Duk Alhamis yakan zaga ya kwaso yara ya kawo su gidan ziyara, wani tsohon gida a bayan kotu, inda aka shimfiɗa darduma aka zuba kayan wasa. Awa biyu ake ba kowa. A makonnin farko Marnie bayan kujera take ɓuya. Zuwa watan Oktoba ta fara barin Darla ta taje mata kai, wata rana har barci ya kwashe ta a cinyarta. Matar da ke riƙon ta take kira Mama, uwarta kuma Mama Darla. Darla ba ta ji haushi ba. Tun a gidan yari wani abu ya daskare a ƙirjinta, daɗi ba ya shiga sosai, baƙin ciki ma haka, ita dai ta san akwai Alhamis.

To, motar da Wendell da gidan, duk daga harajin gidaje suke fitowa, wanda mutanen gunduma ke sabunta wa ofishin da ƙuri'arsu duk bayan shekara biyar. A wannan shekarar sabuntawar ta faɗo a zaɓen Nuwamba, aka sa masa Batu na Bakwai. Mu kuwa nan, a ce haraji a ce mu dangwala I, wato mun yarda, ya fi mana cire haƙori wuya.

Darla ta sami Kawu Roscoe a baranda.

"Kawu, wannan karon dai ka taimaka ka sa musu I."

"Ni? Shekara arba'in ina sa A'a, 'yar nan. Ko harajin sayen akwatin gawata ne, A'a zan sa."

"Motar Marnie ce fa."

Ya ja iska, ya yi tsaki. "Na ji. Zan toshe hanci in sa. Amma kar ki gaya wa kowa, ina da mutunci a garin nan. Ke da ba ki ɓata takardunki ba, da mun zama biyu. Ku 'yan gidan yari ai an goge ku."

"Na sani, Kawu."

Kowa ya sani. Matan ɗakinsu a gidan yari sun faɗa mata. Iyayen da suke jira tare a gidan ziyara ma haka suke cewa, wanda ya taɓa shiga ciki ya yi sallama da akwatin zaɓe. Ba wanda ya taɓa tambayar inda aka rubuta, don abin ya yi kama da sauran abubuwan da aka ƙwace musu: lasisin tuƙi, aikin asibiti, yara.

Tun da ba za ta iya jefawa ba, sai ta ce za ta riƙe allo. Ranar zaɓe ta ɗauki hutu, ita da wasu iyaye uku, suka tsaya a gaban gidan 'yan kwana-kwana inda unguwarsu ke jefa ƙuri'a. Akan kafa 'yan ƙananan tutoci ƙafa ɗari daga ƙofa, mai allo ba ya tsallake su. Nan ta tsaya tun safe, sanyi na cin yatsunta, allon na cewa a tuna da yara. Wasu suka ɗaga mata hannu. Wasu suka kalli takalmansu. Wani mai gidajen haya ya sauke gilashin mota ya ce, "Darla, mu biya ku ci gaba da haifowa kenan?" Ba ta ma ji zafin maganar ba, sai dai ta ji ta. Da rana fitsari ya matse ta, ta gwammace ta taka har gidan mai ta dawo, don a ganinta ko bayin wurin ba nata ba ne.

Ƙuri'un suka zo kusa da kusa, sai da aka jira na gidan waya aka sake ƙirgawa. Bayan kwana goma sha wani abu rediyo ya faɗa da safe, tana cikin fasa ƙwai. Batu na Bakwai ya faɗi da ƙuri'a shida. Ta gama fasa ƙwan ta zuba a kasko.

Ofis ya liƙa takarda a ƙofar gidan ziyara. Daga ƙarshen Disamba babu mota, babu gidan. Iyaye suna da damar zuwa ganin yaransu a inda suke, in sun sami abin hawa. An rubuta takardar cikin ladabi ƙwarai.

Cikin makon nan ne Misis Tackett ta shigo sayen kofi. Tsohuwar malamar firamare ce, ita ta koya wa rabin garin karatu, kuma shekara talatin tana zaman teburin zaɓe tana duba sunaye.

"Darla Hupp. Na hango ki ta taga ranar nan, kin yi tsaye kamar turke. Na yi ta jira ki shigo ko don ki ɗumama hannu, na duba littafi kuma ban ga sunanki ba."

"Ai ba zai fito ba, Misis Tackett. Kin san inda na je."

"Na sani. Sai me?"

"An goge mu."

Tsohuwar ta ajiye kofin. "Wa ya gaya miki wannan shirme?"

"Kowa ma."

"Kowa ɗin nan ya yi makaranta a ajina? 'Yar nan, wannan dokar wasu jihohin ce. A nan, ranar da ƙofar gidan yari ta rufe a bayanki, ranar kika dawo mai zaɓe. Sabuwar rajista kawai za ki yi, 'yar takarda ce shafi ɗaya, wata guda kafin ranar. Ko a laburare ana cikawa."

Darla ta tsaya da cokali a hannu.

"Har su ukun da kuka tsaya tare?" in ji Misis Tackett.

"Har su."

"Ya Ubangiji. Ku nawa ne a gidan ziyarar can?"

Darla ba ta yi niyyar ƙirgawa ba, kanta ne ya ƙirga da kansa, kujera bayan kujera a ɗakin jira. Waɗanda ta tabbatar sun taɓa shiga ciki su goma sha huɗu ne. Ta ce, "Akwai dai." Ta miƙa wa tsohuwar murfin kofinta, ta juya wurin na bayanta ta tambaye shi ko da cuku yake so.

Ni abin da ke ba ni haushi har yau shi ne laburaren nan tana wuce shi sau biyu a rana. Mu da muka san dokar ba mu taɓa zaton ba su sani ba, su kuma ba su taɓa zaton akwai abin tambaya ba. Ita Darla ba ta yi fushi da kowa ba. Washegari ta shiga ta cika takardar, bai kai minti biyar ba. Da ta gaya wa Kawu Roscoe, sai kawai ya tashi ya je ya duba man tsohuwar motarsa.

Sau biyu ya kai ta wurin Marnie cikin Janairu, yana tuƙi yana haki. A na uku motar ta mutu musu a hanya cikin ƙanƙara, shi kuma ya ƙare a gadon asibiti. Bas ba ta zuwa can. Masu riƙon mutanen kirki ne, sau ɗaya har suka kawo yarinyar da kansu ranar Lahadi, amma dukansu ma'aikata ne. Aka koma waya mai hoto. Marnie takan ce sannu, ta nuna mata kare, sai ta ajiye wayar ta tafi, Darla ta zauna tana kallon rufin ɗakin mutane har wani ya zo ya kashe.

A watan Maris alƙali ya yaba mata. Ya ce ta yi ƙoƙarin da ba kowa ke yi ba. Ya ce amma cikin mako goma sha ɗaya sau uku ta ga yarinyar, kuma matar da kotu ta aika ta tambayi Marnie inda gidansu yake, ta faɗi gidan masu riƙon ba tare da ta yi tunani ba. Ya sa hannu, Marnie ta zama tasu. Darla ta gode masa, ta koma wurin aiki, don rabin yini kawai ta nema.

Ofis ya sake maido da batun a zaɓen watan Mayu. Wannan karon Misis Tackett ta bi iyayen ɗaya bayan ɗaya da takardu a jakarta. Darla ta tsallake 'yan tutocin ta shiga, aka sami sunanta, ta cike da'irar I da baƙin biro, aka manna mata 'yar alamar wanda ya yi zaɓe a riga. Batun ya wuce da ɗaruruwan ƙuri'u, har jaridar gari ta ce jama'a sun tuna da yara.

Da aka tabbatar kuɗi na tafe, sai aka maido da Wendell a watan Yuni. Alhamis ɗin farko ya tsaya shan mai a mararraba, motar cike da yara. Ya shigo biya, ya ga wadda ke bayan kanta, ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ido.

"Darla."

"Wendell. Su nawa ne yau?"

"Bakwai."

Ta naɗe burodi bakwai ta zuba a leda ta miƙa masa. Ta bi shi da ido har ya buɗe ƙofar motar, ta duba tagogin ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, ko da yake ta san Marnie ba ta ciki.