Tandun Kwallin Kaka da Idona na Hagu

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan ban leƙo nan ba, masu kawo ɗinki har sun fara cewa na yi kuɗi na gudu. Wallahi ido ne ya kwantar da ni.

Kwana uku bayan bikin ƙanwata a Kademi na tashi idona na hagu ya yi jajir. Kowa ya zama likita. "Afolo ne, zai wuce," in ji maƙwabciyata. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na ci gaba da taka keken ɗinki.

Bai wuce ba. Da asuba sai na sa ruwan ɗumi kafin fatar idon ta rabu, saboda mugunya. Allura ma na daina ganin kafarta. Na ji tsoro ƙwarai, domin da idon nan nake ciyar da 'ya'yana.

Mijina ya ɗauke ni daga Ajingi zuwa asibiti a Gaya. Likitar ta yi ta tambaya: ruwa ne ko mugunya? Akwai ƙaiƙayi? Na yi mura? Ta taɓa gaban kunnena tana neman kaluluwa, sannan ta dangwali mugunyar da auduga aka kai gwaji.

Da sakamako ya fito ta ce, "Ba afolo ba ne, ƙwayar bakteriya ce, maganinsu ba ɗaya ba. Da kin ƙara mako, da ta taɓa baƙin idon. Me kike sawa a ido?"

Sai na tuna. A gidanmu akwai tandun kwalli da Kaka ta gada daga kakarta, yana nan tun kafin zuwan Turawa. Duk biki, matan gida tsinke ɗaya muke zagayawa da shi don albarka. Ranar bikin ƙanwata mun fi goma.

An canza min magani, alhamdulillahi na warke sarai. Allah Ya saka wa likitar nan da mijina da alheri, da ku masu addu'a.

Don Allah kada ku yi wa jan ido suna da kanku, ku je a duba. Kwalli da tawul, kowa da nasa.

Faɗa wa Kaka ne ya fi min wuya. Ta juya tandun a hannu, sannan ta ɗaga gefen mayafinta. Nata idon ya fi nawa ja.

"To," ta ce, "wace rana likitar taki take zama?"