Ranar da Gwaggo ta ce "Ba laifi"

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen rabin ɗaliban da na koyar, amma makonni ukun da aka yi ana ɗaukar shirin talabijin a gidan Gwaggona da ke unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, suna nan daram a raina, kuma da su za a kai ni kabari.

Ina koyar da Hausa a wata sakandare lokacin da wani gidan talabijin ya zo da shirin da suka ce na zahiri ne: babu rubutu, babu kwaikwayo, kyamara ce kawai za ta bi mata biyar masu aikin hula suna gasa. Za a riƙa nuna shi bayan labaran mata. Aka ɗauke ni mai ba da shawara kan al'ada, muƙamin da daga baya na gane ma'anarsa ita ce a tambaye ni bayan an gama yanke hukunci. Ni ce na roƙi Gwaggo, wadda duk unguwa ta san allurarta, ta zama alƙaliyar gasar. Ta ce ita dai kada a ja mata abin magana. Na rantse mata ba za a ja ba.

Daraktar wata Hajiya ce, Bahaushiya ta asali amma tashin Ikko, mai Hausar da kullum kamar yanzu aka sauke ta daga mota. Zahirin da ta fara ɗauka shi ne Gwaggo tana fitowa daga ɗaki. Sau bakwai aka maimaita kafin fitowar ta yi kama da gaskiya.

Cikin masu gasar akwai Yaya, 'yar farin Gwaggo. Duk wanda ya tashi cikin ganuwar nan ya san uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma daɗe tana kallonsa a gaban mutane. Gwaggo kuwa ta kai wannan darasi matakin digiri. Shekara talatin da wani abu sunan Yaya a bakinta shi ne "waccan".

A kwana na uku darakta ta ja ni soro, idonta yana ƙyalli.

"Malama, kin lura? Matar nan ta tsani 'yarta. Mun samu labari."

Na yi mata bayanin alkunya da misalai, kamar ina aji. Ta saurare ni da ladabi, ta ce wannan ai shi ne abin da ake kira danniya, kuma ta gode da na tabbatar mata.

Daga nan aka sa Gwaggo a gaba. Kullum sai a tsayar da ita a tambaye ta, "Mama, wace ce wannan?" Ta ce, "Ta gidan nan ce." "Mene ne sunanta?" Ta ce, "Ga ta nan ai, tana da baki." Mai kyamara ta matso har tana neman shiga hancinta.

Ranar ƙarshe aka jera huluna biyar a tabarma. Darakta ta ce ba za a tashi ba sai uwa ta rungumi 'yarta ta gaya mata tana alfahari da ita. Rana ta take, tuwon gidan yana jira, mata sun cika tsakar gida. Gwaggo ta yaba huluna huɗu ɗaya bayan ɗaya, har da wadda zarenta ya karkace kamar hanyar Wusasa da damina. Sannan ta ɗauki ta Yaya. Ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da farce a hankali, ta daɗe. Ta ajiye, tana kallon bango, ta ce, "Ba laifi."

Yaya ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Ni ma sai da na nemi gefen gyalena. Tun da aka haife ta ba ta taɓa samun kyauta irin wannan ba. Darakta kuwa ta raɗa wa mai kyamara, "Kama hawayen nan."

Da aka nuna shirin, an sa masa kiɗan makoki. Tun a labaran mata mai gabatarwa ta sanar da shi cikin murya mai nauyi: wata uwa a Zariya ta shekara talatin ba ta kira sunan 'yarta ba. Aka gayyato wata ƙwararriya ta yi minti goma tana nazarin zuciyar Gwaggo, wadda ba ta taɓa gani ba.

Washegari na tafi ba da haƙuri, ina tsammanin zan tarar da masu jajen an kira ta azzaluma. Na tarar da ɗakin cike da tsofaffin unguwa, amma wata shari'ar ake yi daban.

"Haba Hajiya," in ji wata ƙawarta, "da girmanki, ki yabi 'yar fari a gaban duniya? Saura ki goya ta ki zaga kasuwa."

"Boko ne ya shigo gidan," in ji wata, tana harara ta.

Ashe mutanen nesa sun kama Gwaggo da laifin rashin tausayi, na kusa sun kama ta da na rashin kunya, duka a kan kalma biyu. Ta ɗago ta nuna ni da haɓa, ta ce, "Ku tambayi waccan."

Tun daga ranar ba ta sake kiran sunana ba, kuma har yau ban tantance ba ko fushi ne ko ƙarin matsayi.

Abin da na koya shi ne kyamara tana ɗaukar abin da aka faɗa ne, mu kuwa mafi tsadar maganarmu tana cikin wadda muka haɗiye. Shi ya sa duk wanda ya ce zai nuna wa duniya gidanku yadda yake, ku fara tambayarsa me ya fahimta in uwa ta ce ba laifi.