Kallabin Kaka Mai Warin Fetur

A gidanmu na unguwar Highbridge, can ƙasar waje, babu murhu, sai wata hita ta ƙarfe a ƙarƙashin taga, mai huci da ƙwanƙwasa idan sanyi ya shigo. A gefenta Kaka Laraba take shimfiɗa tabarmarta bayan magariba, ta ɗora kofin shayinta a kai don kada ya huce. Daga Kano ta zo yi wa mahaifiyarmu wankan jego, a farkon shekarun saba'in, sai Baba, wanda yake tuƙa motar wani ofishin jakadanci, ya yi ta lallaɓa ta har ta ci sanyi biyu tare da mu.

Ni da ƙanwata Rakiya mukan jingina da ita, ta yi ta ba mu na kura da zomo. Kowace tatsuniya sai ta rufe ta da kan ɓera, kamar yadda aka saba, mu kuwa mu yi ta dariya.

Wata rana wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa har taga ta girgiza. Kaka ta ɗaga kai ta ce, "Mai wannan namiji ne, ji yadda yake ihu. Wadda na sani ta fi shi ladabi."

Ta ce tana budurwa aka aike ta kai wa mahaifinta abinci a gona, kusa da filin da Turawa suka share a bayan ganuwa. Sai ga wani ɗan jirgi ya sauka yana tari, fukafukansa kamar na yadi. Matuƙin ya diro, ya cire hular fata, gashi ya zubo har kafaɗa. Mace ce, ita kaɗai, ta taso tun daga ƙasarsu za ta kudu. Maza suka ja da baya suna salati.

Aka kawo mata gwangwanayen fetur a kan jaki, amma akwai tsatsa a ciki, abin da take tacewa da shi kuma ya ɓace. Ga hadari ya haɗu a gabas, in ya same ta a fili iska za ta kifar da jirgin. Matar ta yi ta nuni da hannu tana duban rawunan mutane, amma wa zai kwance rawaninsa a gaban mace? Kaka ta gane abin da ake nema, don kullum ita ce mai tace gasara a gida. Ta kwance sabon kallabinta na sallah, ta ninka, ta shimfiɗa a bakin mazurari. Tana riƙe, matar tana zubawa, kan Kaka a buɗe a gaban dattawa. Jirgin ya tashi kafin ɗigon farko. A gida ta sha jan kunne, kallabin kuma bai daina wari ba, duk sabulun salon da ya ci.

Nan ta tsaya, ta ɗauki shayinta. Rakiya ta tuna mata ba ta rufe ba.

"Wannan ba a rufe shi da kan ɓera," in ji Kaka. "Da idona na gani."

Ni kuwa lokacin ina ji da bokona. Na ƙyalƙyale da dariya, na ce mata ba sa tuƙa jirgi. Kaka ta dube ni ta ce, "To Malam Sani, kai da ko keke ba ka iya ba." Har mahaifiyarmu sai da ta yi dariya daga kicin. Rakiya ce kawai ba ta yi ba. Kullum sai ta nemi a maimaita, tana tambayar ina matar take zama, ta ina take ganin hanya, ko tana jin tsoro. Ni kuma na laƙaba mata Direbar Sama, na yi ta tsokanarta har muka girma.

Kaka ta koma Kano, Allah ya yi mata rasuwa. Rakiya ta zama nas, a ranakun hutu kuma tana zuwa wani ƙaramin filin jirgi a hayin kogi tana koyon tuƙi. Sai da furfura ta fara fito mini na yarda na bi ta. Kafin mu hau, ta durƙusa ƙarƙashin fiffike, ta tsiyayi fetur a ɗan kofi, ta ɗaga shi ga rana tana duba datti. Sannan ta kai mini shi hanci.

"Yaya, shinshina. Tatsuniya ce?"

Muka tashi. Na hango unguwarmu da gadoji ƙanana-ƙanana, ina riƙe da kujera ina karanto duk addu'ar da na sani, ita tana dariya. Na so a ce Kaka tana raye, in faɗa mata na yarda. Da a ce ina gonar nan ranar, na san a cikin masu rawani zan tsaya. Yanzu jikokina suna zama gefen hita ina ba su labarin, ni ma ba na rufe shi.