Kawunan Yumɓu na Silvanus

Silvanus ya sauka daga jirgin ƙasa a Kafanchan cikin daminar 1970, bayan an gama yaƙi, da hannu biyu da ƙafa biyu. Kowa ya ce Allah ya yi masa gyaɗar dogo. Amma noma ya gagare shi. Sai ya kafa fartanya ya tsaya yana kallon kunya har rana ta take. In jirgi ya yi kuka, gumi ya karyo masa. Maganin asibiti barci kawai yake sa shi, ya farka da nauyin ƙirjin da ya kwanta da shi.

Ƙanwar uwarsa, Mama Lai'atu, maginiyar tukwane ce. A wurinsu namiji ba ya ginin tukunya, amma ta gaji da ganinsa zaune.

"Soja, ai ƙafarka ba ta mutu ba. Zo ka taka mini yumɓu."

Ya taka. Bayan sati uku ya ɗebi curi ya zagaya bayan rumbu, ya fito da kan mutum, kunne a tsage, baki a buɗe. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Kowane kai ya gina, fuska guda cikin matattun da ya gani a yaƙi takan daina binsa gona.

Da kawunan suka kai goma sha ɗaya, magana ta isa coci wai Silvanus ya koma bautar gumaka. Aka turo dattijon ikilisiya, Baba Andrawus, da sanda: ko a farfasa su, ko a hana shi cin jibin Ubangiji tare da sauran masu bi.

"Baba, ba addu'a nake musu ba," in ji Silvanus. "In ka fasa su, cikin kaina za su dawo."

Dattijon ya fasa na farko, ya fasa na biyu. A kan na uku sandar ta tsaya a sama. Wushiryar nan da faɗin goshin nan na ɗansa Martins ne, wanda hukumar soja ta rubuto cewa ya ɓace.

"A ina ka bar shi?"

"Bakin wani kogi, Baba. Ni na rufe shi. Na kasa zuwa in gaya maka."

Baba Andrawus ya naɗe kan a rigarsa, ya miƙa wa Lai'atu. "Ki gasa mini wannan, kada ruwa ya cinye shi."

Sauran aka bar masa. Silvanus ya koma gona, ya yi aure, ya yi suna wajen noman citta. Biyun da aka fasa ne ya yi ta sake ginawa shekara da shekaru, ba su taɓa fitowa daidai ba. Matarsa ta ce in yana huɗa, akwai gefen gonar da ba ya juya wa baya, kamar fuskokin nan biyu suna tsaye a wurin.